Kwana Sittin da Uku a Bangon Agogo

Agogo ba sunansa na yanka ba ne, amma in ka shiga layin nan ka tambayi sunan gaskiyar sai ka ga ana kallon juna. Shekara ashirin da shida ya yi a ƙofar masana'antar sabulu, cikin wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya, littafin shiga da fita a gabansa, jan biro a bayan kunne. Ƙarfe bakwai daidai yake turo ƙofa. In hannunka na kan ƙarfen a lokacin, ko ka janye shi ko ka bar yatsa a ciki. Wanda ya makara sau uku, jan biro ya hau sunansa, daga nan sai gida. Mutum nawa biron nan ya ci, shi kansa bai riƙe ba, don a ganinsa ba shi ya kore su ba, su suka kori kansu.

Da aka rufe masana'antar sai ya kwaso halinsa kaf ya dawo da shi gida, kuma gidan ne ya sha. Shayi ƙarfe shida da rabi. Rediyo ƙarfe bakwai. Daga tashinsa har takwas ta buga ba a yi masa magana, in ban da gaisuwa, wai lokacin ne kansa yake daidaita. In ka buɗe baki ba ya ko ɗagowa, yatsa kawai zai ɗora a kan gilashin agogon hannunsa, ka haɗiye maganarka. 'Ya'yansa maza biyu suna samun aiki suka yi nisa. Ya yanka musu ranar Lahadi ƙarfe huɗu ta kiran waya, wanda ya kira huɗu da kwata ba za a ɗauka ba. Suka gwada shekara guda suka gaji. Matarsa ce kawai ta rage, da kekenta na ɗinki a baranda, mace mai ƙarancin magana wadda shekara talatin da huɗu na zama da shi suka ƙara wa shiru.

Sai karnuka. Tun yana bakin aiki yake sha'awar karnukan gadin masana'antar, don su ne kaɗai bai taɓa kamawa da latti ba. Da aka watse ya karɓo guda biyu, wani jibgegen namiji da ake kira Sajan da wata 'yar kwikwiya baƙa mai farin ƙirji, ya raɗa mata Minti. Ya gina musu keji na bulo a bayan gida. Kusan duk shekara Minti na haihuwa, masu shaguna da masu gidajen gona suna zuwa su ɗiba, har aka san shi da iri mai kyau.

Ba zan yi masa ƙarya ba, yana son karyar nan. Irin son da ya iya ke nan. Ƙarfe biyar na yamma zai fito da kwano ya ƙwanƙwasa shi sau uku da cokali, kafin na ukun ya sauka tana gabansa, zaune, ido a kansa. Sai ya dubi agogo, ya dubi matarsa, ya ce, "Ke, kin gani? Dabba ma ta fi 'ya'yanki hankali." Ita kuwa ta ci gaba da taka keke.

Abin alfaharinsa shi ne bangon kejin. Ranar da Sajan ya yi barbara sai ya ɗauki gawayi ya ja layi, kullum safiya ya ƙara ɗaya, har sittin da uku. Sau biyar Minti ta haihu, sau biyar tana faɗawa kan ranar ko ta kusa da ita, in kuma ta kauce da kwana guda sai ya ce gawayin ne ya goge. Bai taɓa lura cewa a waɗancan shekarun yakan bar su tare mako guda cur, su zaɓi ranarsu da kansu, shi kuma ya rubuta wadda idonsa ya gani ba.

Bana abin ya zo daban. Sajan ya tsufa, wani ƙari ya fito masa a wuya yana ta girma, Minti kuma ta kai shekara takwas. Likitar dabbobi, wata matashiya da ke da asibiti a bakin babban titi, ta gaya masa gaskiya: namijin ba zai kai ƙarshen shekara ba, macen kuma ta isa hutu. Agogo ya ji, amma abu ɗaya ya tsaya masa a rai. Duk 'ya'yan da aka haifa a gidan nan ya bayar da su, bai ajiye ko ɗaya ba. Yana son mace guda daga jinin Sajan da Minti, wadda za ta zauna a gabansa ƙarfe biyar in uwar ta tafi. In wannan cikin bai samu ba, shi ke nan, irin ya ƙare.

Saboda haka da Minti ta shiga lokacinta bai jira ta ba. Ya duba kalanda ya zaɓi Alhamis, ya kawo mata Sajan. Ta ƙi tsayawa, ta zauna a kan jelarta, ta yi wa Sajan gurnani. Matarsa daga baranda ta ce, "Malam, ba ta shirya ba." Ya ce, "Ni na shirya." Ya ɗaure mata baki da tsumma, ya matse kanta tsakanin gwiwoyinsa, ya riƙe ta har aka gama. Tana ta kallonsa ta saman tsumman. Ya wanke hannu, ya ja layin farko. Bayan kwana goma sha biyu Sajan ya mutu, ciki kuwa ya kama.

Da cikin ya tsufa ya kai ta asibiti a duba. Likitar ta shafa, ta saurara, ta ce akwai 'ya'ya kamar shida, duk da rai. Agogo ya ce ya sani, kuma Laraba ta sama za ta haihu.

"Baba, wa ya gaya maka?"

"Lissafi. Sittin da uku daga ranar barbara."

Ta ja kujera ta zauna don ta yi masa bayani a tsanake. Ta ce jikin karya ba daga ranar barbara yake fara ƙirga ba, daga ranar da ta saki ƙwai ne, kuma irin namiji yana iya zama a jikinta kwana biyar, har fiye, yana jiran ƙwan. In an haɗa su da wuri, haihuwa za ta zo bayan ranar da ke bango. Ta ce akwai wani sinadari a jininta da ke riƙe cikin, shi ke hana mahaifa motsi, shi ke tsare bakinta a rufe. Ranar da 'ya'yan suka nuna sai sinadarin ya faɗi, zafin jikinta ya sauka da shi, daga nan cikin kwana guda naƙuda ta zo da kanta. Ta miƙa masa tsinken auna zafi. "Safe da yamma, Baba. In ka ga ya sauko wajen talatin da bakwai, a shimfiɗa mata tsumma a bar ta. In wani abu ya ɗaure maka kai, kira ni. Kada a ba ta komai."

Ya karɓa ya yi godiya. A hanya yana ta tsaki. Yarinyar da aka haifa yana bakin ƙofar masana'anta ita za ta koya masa ƙirga! Yana isa gida ya jefa tsinken cikin kwandon ƙyallayen matarsa. Ita ta tsince shi, ta karanta 'yar takardar da likitar ta naɗe shi da ita, ta fara aunawa safe da yamma ba tare da ta ce da kowa komai ba. Talatin da takwas da rabi. Talatin da takwas da rabi.

Akwai abin da likitar ba ta sani ba. Shekara biyu da suka wuce Minti ta gaji a tsakiyar haihuwa, ta fitar da biyar, biyu suka rage, likitar ta zo ta duba hanya a buɗe take, ta yi mata allurar naƙuda ɗan kaɗan. Kafin minti goma sauran suka fito. Agogo yana tsaye yana duba agogo, abin ya burge shi ƙwarai: ga ruwa a kwalba da ke sa haihuwa ta bi umarni. Ya haddace sunan da ke jikin kwalbar, ya samo irinta a wani kantin magani, ya ɓoye a ƙofar firij bayan robar man shanu. Bai tambayi kowa yaushe ake yin ta ba, bai tambayi nawa ake ja ba.

A bakin layin akwai shagon mai walda, da benci a gabansa inda dattawan layin ke zama da hantsi. Mai waldan nan tsohon ma'aikacin masana'antar sabulu ne. Shekara goma sha tara da suka wuce ya iso ƙofa bakwai da minti huɗu, gumi sharkaf, ya ce matarsa ce ke naƙuda tun asuba. Agogo ya ce ta tagar, "Matarka ce ke haihuwa ko kai?" Latti na uku ke nan, jan biro ya hau. 'Yar da aka haifa ranar har yau Latti ake ce mata a gidansu. Mutumin ya koyi walda, ya tsaya da ƙafarsa, yana gaida Agogo kullum da "Yallaɓai" har da ɗan rusunawa, amma bai manta ba, kuma ba ya ɓoye cewa bai manta ba.

A bencin nan Agogo ya yi shela cewa Laraba Minti za ta haihu, wanda ke so ya zo ya gani. Laraba ta zo ta wuce. Minti ta ci abincinta ƙarfe biyar ta koma ta kwanta. Alhamis mai walda ya ɗage gilashin fuskarsa ya ce, "Yallaɓai, ina labari? Ko ma'aikaciyar ba ta iso ba?" Aka yi dariya. Juma'a ya ajiye aikinsa musamman ya fito. "Latti biyu ke nan, Yallaɓai. Gobe na uku. In biron ya bushe ina da jan fenti." Wannan karon har da masu riƙe ciki. Agogo ya tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi. Da yamma ya ƙwanƙwasa kwano, Minti ta taso da ƙyar tana jan ciki, sai da ya buga na biyar ta iso. Bai shafa kanta ba. Ya tsaya yana kallon layuka sittin da biyar a bango, yana jin kamar da gangan take yi masa.

Asabar da sassafe matar ta shiga keji da tsinkenta. Ta tarar Minti ta tone kusurwa ta tara tsummoki, tana haki sama-sama. Ta auna, ta fito haske ta duba, ta koma ta sake aunawa. Talatin da bakwai. Daɗi ya kama ta. Ta nufi falo da tsinken a hannu, yana zaune da kofin shayi.

"Malam, Minti..."

Bai ɗago ba. Ya ɗora yatsa a kan gilashin agogo. Bakwai da kwata.

Ta tsaya da maganar a bakinta. Shekara talatin da huɗu ta saba haɗiyewa, wannan ma ta haɗiye. Ai labari ne mai daɗi, ba zai lalace kafin ta dawo ba. Tana da kayan makaranta da za ta kai wa wata mata can ƙetaren kasuwa, ta sa tsinken a jaka, ta ɗauki ƙullin ta fita.

Yana jin ƙarar ƙofa ya kashe rediyo, abin da bai taɓa yi ba. Ya buɗe firij, ya ɗauko kwalbar da sirinji, ya nufi keji. Minti na ganinsa ta kaɗa jela daga kwance, har ta lasar masa hannun da ke riƙe da sirinjin. Ya ce, "Yau za ki shiga aiki." Ya soka mata a cinya, ya zauna a kan bulo, ya kafa wa agogo ido. Aka yi minti goma. Ta fara rawar jiki, cikin ya ɗaure tamau kamar ganga, tana nishi, ba abin da ya fito. Ya ba ta kwata guda cif, don shi mutum ne mai adalci. Sannan ya ja allura ta biyu, wadda ta fi ta farko yawa.

Bakin mahaifar bai buɗe ba tukuna, sai can da dare ko wayewar gari zai buɗe. Allurar kuwa ba ruwanta, matsa kawai take sa mahaifa ta yi. Minti ta miƙe, ta faɗi, ta ciji bulo, ta juyo tana kallonsa irin kallon ranar tsumma. Wani ruwa kore mai duhu ya fara zuba. Agogo ya ga ruwan ya ce alama ce ta an kusa. Ya juye abin da ya rage a kwalbar ya ƙara mata. Wajen tara da rabi ta yi wata ƙara guda ɗaya wadda har shagon walda an ji, daga nan ta yi laƙwas, cikin ya saki. Ya ɗauka hutawa take. Wayarsa na aljihu, lambar likita na ciki, amma kiran yana nufin ya faɗi abin da ya yi wa yarinyar nan da bakinsa. Ya ce bari ya ba ta awa guda. Da awar ta cika ya ƙara mata wata.

Matar ba ta dawo ba sai bayan sha ɗaya da rabi, don an tsayar da ita gyaran wuyan riga. Ta leƙa keji da murmushinta. Ta ga kwalba a ƙasa, ta ga sirinji, ta ɗaga leɓen Minti ta ga dasashin ya yi fari fat.  Ta fita da gudu ba ko takalmi, sai shagon walda.

Mai walda bai yi zolaya ba. Ya watsar da ƙarafan da ke bayan motarsa, ya shigo ya ɗauki karyar da hannunsa, jini da koren ruwan na bin rigarsa. Agogo ya zauna a baya da kanta a cinyarsa. Ran Asabar sha biyu asibitin ke tashi, shi ya fi kowa sani, yana ta duba hannu a cikin cunkoson kasuwa. Sha biyu da minti bakwai suka iso, maigadi har ya rataya kwaɗo. Agogo ya sauko, ya buɗe baki, ya rasa abin da ake faɗa a wannan gefen ƙofa. Maigadin ya leƙa bayan motar kawai, ya zare kwaɗon, ya wangale ƙofar duka biyu. Ko agogo babu a hannunsa.

Likitar ta ajiye jakarta ta sa safar hannu. Tambaya ɗaya ta yi, "Me aka ba ta?" Matar ta miƙa mata kwalbar da ta tsinto. Likitar ta duba ta ga babu ko ɗigo, ta dubi Agogo, ta shige ciki.

Awa guda da rabi suna kan benci su uku. Da likitar ta fito ba ta sassauta wa Agogo ba. Mahaifar ta yage, jini ya cika cikin, Minti ta tafi a kan tebur. 'Ya'ya shida ne, matsar ta raba su da mabiyiyarsu tun da safe, sun shaƙe a ciki. Huɗu mata. Ta jera su a tire ta rufe da tawul, ta ce in yana son gani. Ya ɗaga tawul ɗin. Cikakku ne, gashi ya fito, faratu sun fito, ɗaya baƙa mai farin ƙirji.

Muryarsa ta fito ƙasa-ƙasa. "Kwana uku ta ƙara, Likita. Na ga ta makara."

"An auna zafinta?"

Matar ta buɗe jaka ta ciro tsinken. "Talatin da bakwai, yau da sassafe. Ta tone wurin kwanciya ma."

Likitar ta rufe ido ta buɗe. "To da yau da dare ne, ko gobe da safe. Da kanta, ba allura ba komai. A lissafin jikinta gobe ne sittin da uku, Baba. Daidai take."

Agogo ya juya ga matarsa, ya samu inda zai sauke abin da ke cinsa. "Kin sani? Kin sani kika yi shiru kika fita?"

"Na zo gaya maka, Malam," ta ce, ba ta ɗaga murya ba. "Da tsinken a hannuna. Ka nuna mini agogo."

Mai walda ya sunkuyar da kai yana goge jinin rigarsa da hula. Shekara goma sha tara yana ajiye da maganar da zai faɗa wa mutumin nan ranar da ya faɗi, ga ranar ta zo, ya ga ba ya sonta. Da suka dawo gida shi ya haƙa rami a bayan keji, ya sa uwar da 'ya'yan tare, ya mayar da ƙasa, ya tafi ba tare da ya ce Yallaɓai ba.

Agogo ya zauna a kan bulon da ya zauna da safe. Layuka sittin da shida na bango, na yau ma ya ja shi kafin shayi. Baƙin ciki ya cika shi, kuma babu wanda zai rubuta wa laifin. Matar ta wanke ƙafafunta ta koma kan keke.

Da yamma ta yi, jikinsa ya tashe shi ba da shawararsa ba. Ya shiga kicin, ya haɗa abincin, ya fito da kwano tsakar gida. Ya buga sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Sai a nan ya tuna. Ya tsaya da cokali a hannu yana kallon ƙofar kejin a buɗe, ya kasa ajiye kwanon, ya kasa komawa da shi.

Keken ya tsaya. Matar ta ciji zare, ta ɗaga kai ta dubi agogon bangon baranda.

"Biyar ta gota, Malam," ta ce. "Rufe ƙofar mana. Ai haka ka saba."